Fistin birki da tukunyar alminiyam: tarihin ƙira da awo a kudancin Jigawa

A cikin kayan babur kaf, da wuya a sami wanda ido zai raina kamar fistin birki. Ɗan guntun ƙarfe ne mai siffar ƙaramin kofi, faɗinsa bai cika wuce santimita 3 ba. Ba shi da zare, ba shi da haƙora, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Duk wanda ya ɗora shi a tafin hannu zai ɗauka kowane maƙeri na iya fitar da irinsa tsakanin azahar da la'asar. Amma ranar da ya yi tsatsa ya ƙame a cikin gidansa, ko ya fara tsiyayar da mai, a gari irin Birnin Kudu ko Gwaram ko Sara, sai ya zama matsalar da ta fi girmansa nesa ba kusa ba.

Zaɓin da ke gaban mai babur ba shi da yawa. Ko dai a aika Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, a nemo sabon kan birkin ɗungurungum, domin 'yan kasuwa ba su cika sayar da fistin shi kaɗai ba. Ko a goge tsatsar da samfefa a mayar, a yi fatan alheri. Ko a cire birkin gaban baki ɗaya a ci gaba da tafiya da na baya, abin da mutane da yawa ke yi ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba. Ko kuwa a kai tsohon wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda kanikawa ke kira tona, a ce ya fitar da irinsa daga guntun alminiyam. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi burge mai kishin sana'ar gida, shi ne kuma ya fi bukatar a tsaya a duba, don a cikinsa ne ƙirar da ta haura shekara 1,000 a ƙasar Hausa ta yi kiciɓis da wata sana'a daban, wadda shekarunta a nan ba su wuce 100 da 'yan kai ba.

Sana'ar wuta

Birnin Kudu ta shiga littattafan masu binciken tarihi ne ta dalilin duwatsunta. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kan zanen shanu da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun nan masu amo waɗanda in an buga su suke ƙara kamar kuge. Shi dai wannan Fagg ɗin ne daga baya ya tono wuraren narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, waɗanda suka nuna ana fitar da ƙarfe a tsakiyar Nijeriya ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A Kano kuwa, binciken da aka yi a Dala ya nuna ana narka tama tun wajen ƙarni na 7, ruwayar baka kuma ta ce Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, na cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Gaya maƙwabciyar ƙasar Dutse ce, masarautar da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta a yau.

Ƙirar ta kasu gida biyu tun asali. Maƙeran baƙi su ne na fartanya da garma da gatari da lauje da linzami. Maƙeran fari kuma su ne na azurfa da tagulla, masu munduwa da zobe da kayan adon doki, kuma a hannunsu sanin zubi yake, wato narka ƙarfe a kwarara shi cikin mazubi. Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne ma'auninsu: ido, da yatsa, da taƙi. Wannan ba gazawa ba ce. Fartanya ba ta bukatar ta zama tagwayen wadda aka ƙera jiya. Hasali ma maƙerin kirki yakan dubi tsawon manomi da irin ƙasar gonarsa kafin ya lanƙwasa ruwanta. Abokan hulɗar ƙarfen su ne ƙota da ƙasa, kuma dukkansu suna ba da kai. In ƙarfe ya ɗan yi kauri, itace zai buɗa masa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da abin da ya kashe rabin sana'ar ya kuma raya ɗaya rabin, wato tarkacen ƙarfen Turai. Wanda zai iya sayen guntun dogo ko tsohon sifirin mota ba zai kwana yana zuga wuta a kan tama ba. Sannu a hankali narka tama ya mutu, ƙira kuwa ta ci gaba. Lokacin da Philip Jaggar ya yi bincikensa a cikin maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, binciken da ya zama littafi a 1994, tarkace ne abincin maƙera. Wannan sauyi yana da wani sakamako da ba a cika ambata ba. Maƙerin da ya narka tamarsa ya san abin da ke cikin ƙarfensa. Wanda ya saya a hannun 'yan gwangwan kuwa sai dai ya yi kirdado, ya saurari amonsa, ya kalli tartsatsinsa, ya ji yadda yake karɓar magagari. Ga gatari, wannan kirdado ya wadatar.

Akwai kuma batun taswira. Layin dogon da aka miƙa daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta arewacin Jigawar yau ya bi, ta Ringim da Malam Madori. Na Bauchi zuwa Gombe da Maiduguri, wanda aka gama a 1964, ya bi ta can kudu. Birnin Kudu da Gwaram sun faɗa tsakanin layukan biyu, babu wanda ya taɓa su. Tun da kuwa a ma'aikatun jirgin ƙasa irin na Zariya, da garejin hukumar ayyuka, da masana'antun Bompai ne 'yan Arewa suka fara koyon aikin injin tona da awon da ke tafe da shi, sai ya kasance wannan yanki ya gaji ƙira mai zurfi, amma sabuwar sana'ar ba ta yi saiwa a cikinsa da wuri ba. Ƙasar titi ce, kuma abin da titi ya fara kawo mata shi ne keke, da mai faci, da mai ɗaure sifok.

Baƙon ƙarfe

Alminiyam baƙo ne a duniya baki ɗaya. Sai a 1886 aka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki cikin araha, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka cim mata kowa a gefensa. A Afirka ta Yamma bai zama kayan sana'ar talaka ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Emily Osborn, masaniyar tarihi a Jami'ar Chicago, ta bi sawun zubin tukwanen alminiyam ta nuna cewa daga Senegal ya fara a shekarun 1940, sannan 'yan ci-rani suka yaɗa shi zuwa Mali da Gini da Kwaddibuwa, daga nan ya bazu ko'ina. Yau babu gidan biki a ƙasar Hausa da ba a girka waɗannan manyan tukwane ba.

Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,500, alminiyam kuwa a 660 yake zama ruwa, zafin da gawayi da fankar da ake juyawa da wilin keke ke iya kaiwa. Mai zubi yakan ɗauki tukunyar da ake so a kwaikwaya ya danna ta cikin yashi mai danshi a akwatin katako mai ɓari biyu, ya zare ta, ya haɗa akwatin, ya kwarara narkakken ƙarfen cikin gurbin da ta bari. Bayan 'yan mintoci sai a fasa yashin, ga tukunya. Wanda ya iya wannan ba zai tsaya a tukunya ba, kuma ba a tsaya ɗin ba: ludayi, da tandar waina, da hannun birki, da matakin ƙafa, da sassan injin niƙa, duk ana zuba su a Panteka ta Kaduna da unguwannin masu zubi na Kano da Maraɗi.

Abin da ake narkawa shi ne duk abin da ya zo hannu: gwangwanin lemo, firam ɗin taga, murfin inji, tsohuwar tukunya, da fistin injin mota, wanda masu zubi ke so ƙwarai saboda sinadarin silikon da ke cikinsa yana sa ruwan ƙarfen ya gudana sumul. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gauraye ne daban, an haɗa shi don aiki daban. A tukunyar narki duk sukan zama abu guda wanda ba shi da suna. Wani binciken da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya sami dalma tana fita daga jikinsu, abin da ya isa ya nuna cewa ko mai zubin kansa bai san duk abin da ya shiga wutarsa ba.

Yadda babur ya mamaye karkara

Babur ya fara ne a matsayin alamar albashi. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975 sun cika garuruwa da Honda Benly da Yamaha da Suzuki da Vespa, har hedimasta da malamin asibiti da akawun ƙaramar hukuma suka bar keke. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota. A farkon shekarun 1980 kuma, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar KNARDA ta baza malaman gona cikin ƙauyuka, yawancinsu bisa babur. Kayan gyara a wancan zamani na Japan ne, kuma naira na da ƙarfin sayensu.

Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya rushe wannan lissafi. Nairar da ke gogayya da dala kafin Satumbar 1986 ta koma kimanin 4 a dala ɗaya a 1987, ta kai wajen 22 a farashin gwamnati a 1993. Sabon kaya ya gagari mai albashi, babur ɗin da aka saya don zuwa ofis ya koma ɗaukar fasinja da yamma, acaɓa ta zama sana'a. Shekarun nan su ne zamanin da gyara ya yi daraja a Arewa. Ana faɗaɗa silinda a sa fistin da ya ɗara na asali, ana liƙa sabuwar fata a tsohon takalmin birki, ana yi wa haƙoran giya ciko da walda a goge. Ba a yar da komai. Mai injin tona a lokacin mutum ne da ake bin layi a ƙofarsa, kuma daga kudancin Jigawa, wadda ta zama jiha a 27 ga Agusta 1991, Kano ake nufa da irin wannan aiki.

Sai baburan Sin suka shigo a ƙarshen shekarun 1990. Jincheng, wadda aka gina bisa samfurin Suzuki AX100, ta zama babur ɗin ƙauye, 'yan kasuwar Nnewi irin su Innocent Chukwuma kuma suka karya farashi ta hanyar shigo da babura a wargaje suna harhaɗawa a gida. Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya a shekarun 2000 ta ƙwace kasuwar acaɓa. Tare da su kayan gyara masu araha suka malalo, har ya zama sayen sabo ya fi kai tsoho wurin tona sauƙi. Bakanike ya koma mai cirewa da sakawa. Yaron da ya shiga gareji a 2005 zai iya ƙarewa bai taɓa ganin an auna wani abu da abin da ya wuce sifana ba. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, 'yan acaɓa da dama suka koma garuruwansu da jihohin maƙwabta da baburansu. Karkara ta ƙara cika.

Duk tsawon wannan tarihi, birkin da ƙauye ya sani na durom ne. Jincheng da Boxer ta acaɓa duk shi gare su gaba da baya: waya ko sanda ta ja wani ɗan ƙarfe, ya buɗa takalma biyu su goga jikin kwanon da ke tsakiyar wili. Birki ne mai haƙuri. In ya yi sako-sako a ɗaure noti, in fata ta cinye a sauya, kuma yakan yi ta gargaɗi makonni kafin ya ƙi aiki. Birkin faifai mai aiki da mai, wanda Honda CB750 ta fara yaɗawa a kan babura a 1969, bai zama ruwan dare a nan ba sai da 'yan roba-roba da wasu samfuran Haojue da manyan babura suka yawaita. Ya fi na durom kamawa, babu musu. Sai dai ya zo da sharuɗɗan da garejin gindin bishiya bai saba da su ba.

Abin da ke faruwa a cikin kan birki

Idan mahayi ya matsa hannun birki, wani ƙaramin fistin da ke sama yana tura mai cikin tiyo zuwa kan birkin da ya rungumi faifai. Mai ba ya matsuwa, don haka duk ƙarfin da aka sa masa yakan isa ƙasa, ya kuma ninku gwargwadon bambancin faɗin fistin biyun. In na sama milimita 12 ne, na ƙasa 30, ƙarfin ya ninku fiye da sau 6, ban da ninkin da tsawon hannun birkin ya riga ya bayar. Da haka yatsu biyu ke tsayar da babur da mutum uku da buhun masara.

Abin da ke tsare man kada ya fita zoben roba ne guda ɗaya mai kusurwa huɗu, wanda ke zaune a wani ɗan kwari a jikin gidan fistin. Aikinsa biyu ne. Yana toshe mai, sannan in fistin ya matsa gaba yakan ɗan karkace ya bi shi, in an saki birki kuma ya miƙe ya jawo fistin baya da kimanin kaurin takarda. Babu wani sifirin da ke mayar da shi, robar ce kaɗai. Ke nan jikin fistin shi ne titin da robar ke bi, kuma dole ya kasance sumul kamar madubi. Littattafan gyara na kamfanoni sukan ba da faɗinsa har zuwa kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, ratar da aka yarda ya cinye kafin a yar da shi kuma ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ya yi ƙanƙanta mai zai tsiyaye, in ya yi girma zai ƙame ya riƙe faifai har ya yi zafi.

Yawancin fistin da ke zuwa da ƙananan babura na ƙarfe ne da aka yi wa rufin kurom ko nikel. Ƙurar hunturu da taɓon damina sukan ci rufin a ɓangaren da ya leƙo waje, man birki kuma, da yake yana shan danshi daga iska, yakan kai ruwa ɓangaren ciki. Tsatsa ta huda, ramukan su yanka roba. Wanke kan birki da fetur, abin da ya zama al'ada a gareji, yana kumbura robar ya ƙara dagula lamarin.

A nan ne hankali ke karkata ga alminiyam: ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana da laushin yanka, ga shi kuma a ko'ina. Tunanin ba na wauta ba ne, domin manyan kamfanoni ma suna sa fistin alminiyam a wasu babura. Tambayar ita ce wane alminiyam.

Zubi kai tsaye ba ya cikin lissafi. Alminiyam yakan tsuke da kimanin kashi 1.3 cikin 100 in ya huce, wato fistin milimita 30 da aka kwaikwaya a yashi zai fito da giɓin kusan milimita 0.4, ninkin ba ninkin abin da roba za ta iya rufewa. Dabarar da ta rage ita ce a zuba curi mai kauri a kai wa tona ya sassaƙe. Amma narkakken alminiyam yana shan iskar haidirojin daga danshin yashi da na gawayi, in ya zo daskarewa kuma ya tofar da ita ta zama ƙananan kumfa a cikin jikinsa. A tukunyar tuwo wannan ba komai ba ne, in ta yi yoyo a toshe. A fistin kuwa, wuƙar inji na cire fatar waje sai ramukan su bayyana a daidai inda roba za ta bi, wasu ma su ratsa har ciki. Curin zai yi ƙyalli a hannu, ya shiga gidansa daidai, birki ya kama a gwajin farko. Aibinsa ba ya fitowa sai a ranar da aka matse shi da ƙarfin gaske, wato ranar da akuya ta gifta ko tirela ta tsaya ba zato a hanyar Babaldu.

Ko da an sami sandar alminiyam ta masana'anta, irin mai lamba 6061 da aka gasa ta yi tauri, da sauran rina a kaba. Gidan fistin shi ma alminiyam ne, kuma alminiyam biyu tsirara in suna gogar juna sukan kama juna su yage. Shi ya sa kamfanoni ke yi wa nasu wani rufi mai tauri, ta hanyar tsoma shi cikin ruwan asid mai sanyi ƙwarai a ratsa shi da lantarki na tsawon lokaci. Wannan aikin masana'anta ne, ba na rumfa ba. Sannan ga zafi. Alminiyam yana ɗaukar zafi fiye da ƙarfe kamar sau 3, wato yana kwaso zafin faifai ya kai wa mai. Sabon man DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a 155, DOT 3 kuma a 140. Mai in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa: hannun birki ya tafi har ya taɓa kan babur, babu abin da ya kama. Wanda bai taɓa sauya man birkinsa ba tun da ya sayi babur, kuma su ne mafi yawa, ya fi kowa kusa da wannan.

Saboda haka tonan da ya san aikinsa, in dole sai ya yi, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa zai nema. Ya fi wuyar yanka, yana cin wuƙa, yana bukatar a bi shi a hankali, amma ba ya bukatar rufi, kuma zafin da yake wucewa da shi bai fi kashi ɗaya cikin 10 na alminiyam ba. Zai kuma auna da maikuromita, ba da ma'aunin zamiya kaɗai ba, ya goge jikin har layin wuƙa ya ɓace, ya sa sabuwar roba. Aikin mai yiwuwa ne sarai. Abin da ke wuya shi ne a tara injin da bai yi sako-sako ba, da ƙarfen da aka san sunansa, da ma'auni, da wuta, da mai babur ɗin da zai biya ladan awa biyu, duk a rumfa ɗaya.

Abin da aka gina, da abin da ba a gina ba

Nijeriya ta yi yunƙurin samar da waɗannan abubuwa daga sama. An kafa masana'antar ƙera injuna ta Osogbo a 1980 tare da kamfanin HMT na Indiya, don ta riƙa fitar da injunan tona. An sa hannu a kwangilar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979. An gina ALSCON a Ikot Abasi don ta fitar da tan 193,000 na alminiyam a shekara. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa RUSAL ta Rasha a 2007, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan cinikin a 2012 bayan ƙarar da kamfanin BFIG ya shigar, daga nan masana'antar ta shafe shekaru a rufe. Kamfanonin alminiyam da suka rayu kwanon rufi da tukwane da firam ɗin taga suka fi yi. Sandar da tona zai saya da tabbacin lambarta yawanci daga waje take zuwa, da dala.

Wuraren da abin ya ɗan yi tasiri daga ƙasa suka faro. A Nnewi, 'yan kasuwar kayan gyara ne da kansu suka sayo injuna daga Taiwan a shekarun 1980 suka fara ƙera abin da suke sayarwa. A Suame Magazine ta Kumasi, inda 'yan Zango ke cikin masu sana'a, jami'ar kimiyya ta garin ta buɗe cibiya a tsakiyar kanikawa a 1980, ta riƙa shigo da tsofaffin injunan tona daga Ingila tana sayar musu, tana koya musu awo da zubin ƙarfe. Ba ta kira su aji ba, ita ta je rumfarsu. Mafi kusa da wannan a Arewa shi ne alaƙar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla da masu sana'ar Panteka a 'yan shekarun nan don ba su shaidar ƙwarewa. Jigawa na da kwalejojin fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja, kuma tazarar da ke tsakanin ɗakin injunansu da garejin bakin tasha ba ta kilomita ba ce kawai. Ɗalibin da ya san lambar 6061 sau da yawa bai taɓa kwance kan birki ba, wanda ke kwancewa kullum kuma ba a taɓa nuna masa maikuromita ba.

Masu yabon basirar 'yan gida a kafafen sada zumunta sukan ɗauki hoton duk abin da aka ƙera a rumfa su ce ga hujja, gwamnati ce kawai ba ta taimaka ba. Masu raina ta kuma sukan kira komai jabu. Duka biyun sun huta da wahalar bambancewa. Hannun birkin da aka zuba a yashi in ya karye an yi asarar kuɗi kaɗan, kuma galibi a faɗuwa yake karyewa. Matakin ƙafa haka. Fistin kuwa yana cikin 'yan kayan da kuskurensu ba ya ba da sanarwa, kuma birkin gaba shi ke ɗauke da kaso mafi girma na tsayar da babur, ko da yake lodin da ake jibgawa a baya yakan ƙara wa na baya aiki. Asibitin tarayya da ke Birnin Kudu yana karɓar waɗanda suka faɗi a babur daga duk wannan yanki, amma takardar asibiti karaya take rubutawa, ba ta rubuta abin da ya faru a cikin kan birki.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin fetur, da sakin naira da ya biyo baya a Yuni har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, lissafin 1986 ya dawo. Kayan da ake saya a yar sun koma abin da ake juyawa a hannu ana tunani. Bakaniken da a da zai ce, "Alhaji, sai dai a sayo sabo," yanzu yakan ce, "Bari mu gani ko za a iya yi masa dabara." Sai dai tsarar da ta iya dabarar ta shekarun 1990 ta tsufa, kuma birkin da ta ƙware a kansa ba wannan ba ne.

Tarkacen kuwa ya sami wata kasuwar. Yaran jari-bola na zagaya unguwanni da kasuwannin ƙauye da buhu da mayen ƙarfe. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi mannewa a ware shi gefe, don kilonsa ya fi tsada. Daga nan a ɗora a mota zuwa Kano, wani ya wuce Legas da Ogun, inda ake narka shi a tace a zuba shi tubali-tubali masu lamba, a fitar da shi zuwa masana'antun Asiya. Masu zubin tukwane yanzu da waɗannan dillalai suke takarar sayen gwangwani da tsohon murfin inji.